Me ya hana Ghana ta kori Amurka ta jawo Rasha kamar yadda Sahel suka yi?

Wani ƙanena daga Aboabo a Kumasi ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: tunda Mali da Burkina da Nijar sun sallami Faransa, Nijar ma har da Amurka, sun kama hannun Rasha, me ya hana Ghana ta bi sahu, kuma wai da gaske ne Amurka na da sansanin soja a Accra? Ya ce kullum gardamar kenan a wurin ataya kuma rabin majalisar tasu 'yan Traore ne, wato sojan da ya karɓi mulki a Burkina.

Toh ƙanena, na sa kaki na je aikin kiyaye zaman lafiya a Lebanon da Laberiya, yanzu kuma harkar tsaron nake koyarwa, don haka zan faɗa maka yadda nake gani, kai kuma ka kai musu.

Mu fara da maganar sansanin tunda ita ce ta fi zafi. Abinda ke akwai yarjejeniya ce ta haɗin kan tsaro wadda majalisa ta amince da ita a watan Maris na 2018 lokacin Akufo-Addo, 'yan jam'iyyar NDC da ke adawa a lokacin suka fice daga zauren, mutane suka yi zanga-zanga a Accra, ina jin ka tuna. A cikinta Ghana ta yarda sojan Amurka su yi amfani da wasu wurare da aka keɓe musu, har da wani ɓangare a filin jirgin Kotoka, su shigo da kayansu ba haraji, su yi amfani da zangon rediyonmu kyauta, sojansu kuma su samu irin kariyar da ake ba ma'aikatan ofishin jakadanci, ita kuma Amurka ta ce za ta sa dala miliyan 20 wajen horo da kayan aikin sojanmu. Gwamnati ta dage cewa wannan ba sansani bane, kuma in ka gwada shi da Camp Lemonnier na Jibuti inda dubban sojan Amurka ke zaune, ko sansanin 201 na Agadas da suka kashe wa sama da dala miliyan 100 jiragensu marasa matuƙi na tashi, to lallai ba irinsa bane. Amma kar a yaudare ka da suna. Tsarin Amurka a Afirka yanzu ba sai ta kafa tuta ta gina bariki ba, abinda take so shi ne izini a rubuce, wurin sauke kaya, man jirgi, da ƙofar da za ta buɗe duk ranar da ta buƙata, kuma wannan ta samu. Ni a ganina dala miliyan 20 ta yi araha ƙwarai a kan abinda aka bayar, wanda ya zauna teburin cinikin nan bai taɓa sayen albasa a Kwadaso ba.

Kuma kar wani ya mayar maka da ita maganar jam'iyya. An yi yarjejeniya da Amurka a 1998 zamanin Rawlings, an yi a 2015 zamanin Mahama, dukansu 'yan NDC, a 2016 gwamnatin Mahama ce ta karɓi mutum biyu 'yan Yemen daga Guantanamo har kotun ƙoli ta ce sai da amincewar majalisa, a 2025 kuma gwamnatinsa ta karɓi 'yan Afirka ta Yamma da Amurka ta koro. Duk wanda ya shiga Jubilee House yana samun lissafin nan a kan tebur, kuma duk amsa ɗaya suke bayarwa.

Yanzu Sahel. Goita ya yi juyin mulki a Mali a 2020 ya sake a 2021, Burkina sau biyu a 2022, Damiba a Janairu sannan Traore a ƙarshen Satumba, Tiani kuma a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023. Faransa ta gama kwashe sojanta daga Mali a Agustan 2022, Burkina a Fabrairun 2023, Nijar a Disamban 2023, Amurka ta bar Agadas a 2024. Ƙasashen uku suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a Satumban 2023 suka fita ECOWAS, fitar ta tabbata a Janairun 2025. Fushin da mutane ke yi da Faransa ba na banza bane, wannan dole a faɗa. Tun rundunarta ta Serval a 2013 har ta Barkhane, kusan shekara goma, sojoji sama da dubu biyar a lokacin da suka fi yawa, amma matsalar da ta fara a arewacin Mali ta sauko tsakiya ta tsallaka Burkina ta shiga Tillaberi. Ga kuma Libiya ta 2011 da NATO ta rusa, makaman Gaddafi suka watsu cikin Sahara, su ne ma suka hura wutar tun farko. Wanda ya ga wannan ya ce a gwada wani abokin, ban ga laifinsa ba.

Tambayar ita ce me sabon abokin ke sayarwa. Rasha ba ta zo da rundunar da za ta riƙe ƙasa ba, ba ta da ita ma, yaƙin Yukren ya cinye mata mutane da kaya. Abinda take da shi kala uku ne: makami ba tare da dogon wa'azin haƙƙin ɗan'adam ba, sojan haya, da kuma kariya ga wanda ke kan kujera, har da kujerar naƙi a kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wagner, kamfanin sojan hayar Rasha, ta shiga Mali a ƙarshen 2021, ta taimaka aka karɓe Kidal a Nuwamban 2023, wannan nasara ce ta gaske a idon 'yan Mali, amma a Moura a Maris 2022 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500, mafi yawansu fararen hula, kuma a Tinzawaten a Yulin 2024 an yi wa Wagner ɗin kanta mummunar ɓarna. Bayan mutuwar Prigozhin, shugaban Wagner, a Agustan 2023 ma'aikatar tsaron Rasha ta karɓe harkar da sunan Africa Corps, waɗanda suka sauka Wagadugu da Yamai a 2024 kuma 'yan ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka, aikinsu ya fi karkata ga horo da gadin manya. Kaga kenan abinda ake saye shi ne tsaron gwamnati, tsaron ƙauye kuma wani abu ne daban. A Satumban 2024 JNIM, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi mai alaƙa da Alƙa'ida, ta kai hari cikin Bamako har filin jirgi, daga Satumban 2025 ta fara ƙona tankokin mai a hanya har layin mai ya gagari birnin. A Burkina garin Djibo ya shafe shekaru a kewaye, Barsalogho a Agustan 2024 an kashe mutane da yawa suna haƙa ramin kariya, waɗanda suka bar gidajensu sun haura miliyan biyu tun 2023. Bidiyon TikTok ba ya nuna maka wannan.

Af, kuma in ana maganar wanda ya fi cin kasuwar makami a yankin nan mutane na mantawa da Turkiyya. Jiragen Bayraktar TB2 suna Mali, suna Burkina, suna Nijar, har Togo ta saya, kuma Turkiyya 'yar NATO ce. Motocin sulke da yawa na China ne. Wato su kansu AES ɗin ba wai sun zuba komai a hannun Rasha bane, kowa suna taɓawa.

To me ya sa Ghana ba za ta kwafa ba? Na farko ba mu da abinda za mu kora irin nasu. Babu sojan Faransa a nan, ba ma cin sefa, kuɗinmu sidi ne da duk ciwon kansa. Na biyu aljihu. A Disamban 2022 Ghana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje, a Mayun 2023 IMF ta amince da dala biliyan 3, kuma ka san su wa ke da nauyin ƙuri'a a can. Kokonmu Turai yake zuwa, 'yan'uwanmu da ke turo kuɗi suna Bronx da Landan da Hamburg, ba Mosko ba, jeka Nima ko Asawase ka ƙirga gidajen da kuɗin waje ya gina. Cinikinmu da Rasha ɗan kaɗan ne. Na uku sojan kansu. Tun Kongo a 1960 sojan Ghana ke aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, muna cikin manyan masu bada sojoji, alawus ɗin da soja ke samowa daga can shi ke gina masa gida ya biya kuɗin makarantar yara, kuma ina gaya maka yana cikin dalilan da ya sa tun 1981 ba a sake juyin mulki a ƙasar nan ba, sojan da ke jiran sunansa ya fito a jerin masu tafiya Lebanon ba shi da lokacin zuwa kama gidan rediyo. Horonmu, tsarinmu, makarantar Kofi Annan da ke Teshie, atisayen Flintlock na Amurka da aka yi a nan a 2023 da 2024, motocin sulke 105 da Tarayyar Turai ta bayar a Oktoban 2023, duk a wancan ɓangaren suke. Kuɗin da muke kashewa a tsaro bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikinmu ba. Ƙasar da ke haka ba ta juya baya ga mai ba ta kaya a rana ɗaya don a tafa mata a Facebook.

Amma ga inda nake rabuwa da masu cewa to shikenan mu manne wa Yamma mu yi gaba da sojojin Sahel. Taswira ba ta yarda ba. Iyakarmu da Burkina ta kusa kilomita 600, ƙofofin hukuma kaɗan ne, Paga, Hamile, Kulungugu da 'yan wasu, sauran duk hanyoyin babur ne da gonaki da dangi ɗaya a ɓangare biyu. Tumatirin da ake sayarwa a kasuwannin Kumasi lokacin rani daga Burkina yake, shanun Tulaku da na mayankar Kumasi daga arewa suke gangarowa, albasa daga Galmi. Ka tuna Agustan 2023 da ECOWAS ta rufe boda da Nijar, lorin albasa suka maƙale a iyakar Benin kaya na ruɓewa a cikin buhu, farashi ya tashi a Adjen Kotoku da Kwadaso, a lokacin kuma hafsoshin ECOWAS na zaune a Burma Camp suna tsara yadda za a shiga Yamai da yaƙi, yaƙin da Allah ya sa ba a yi ba, don da mu 'yan Zango za mu fara jin sa a jikinmu, kowa na da kawu ko gwaggo a Dosso ko Tawa. Su ma suna buƙatarmu: ba su da teku, kayansu na bi ta Tema, wuta na tafiya daga Bolgatanga zuwa Wagadugu ta layin da aka buɗe a 2018. Mu kuma duk shekara in sun buɗe dam ɗin Bagre gonakin arewa ne ke nutsewa. Maƙwabcin da katangarku ɗaya in gidansa ya kama wuta ba ka tsaya tambayar wa ya zaɓa ba, guga kake nema.

Shi ya sa nake ganin abinda Akufo-Addo ya yi a Disamban 2022 kuskure ne babba. A Washington, gaban Blinken, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, gaban 'yan jarida, ya ce Burkina ta ɗauko Wagner har ta ba su mahaƙar ma'adini a matsayin lada. Wagadugu ta kira jakadanmu ta nuna fushi, sai da ministan tsaron ƙasa Kan-Dapaah ya tafi ya ba da haƙuri. Ko da maganar gaskiya ce, a kunnen Traore ake faɗinta, ba a gidan wani ba. Kuma abinda ya biyo baya ya fi zafi: shirin Accra Initiative da aka kafa a 2017, Ghana da Burkina da Togo da Benin da Kodebuwa, daga baya Mali da Nijar, wanda shi ne teburin da ƙasashen gaɓar teku da na Sahel ke musayar bayanan sirri har suka yi samamen haɗin gwiwa a kan iyakoki, ya yi sanyi bayan juyin mulkin da rabuwar kai. Mahama da ya dawo ya canja salo, Traore ya zo rantsar da shi ranar 7 ga Janairun 2025 da bindigarsa a ƙugu filin Black Star ya ɗauki ihu, aka naɗa Gbevlo-Lartey wakili na musamman ga AES, a Maris shugaban ya zaga Bamako da Yamai da Wagadugu. Wasu sun ce lallashin masu juyin mulki ne. Ni na ce aikin da ya kamata kenan, kana magana da wanda ke riƙe da ɗaya gefen bodarka ko da ba ka son yadda ya hau. Wannan ma ba sabon abu bane a gidan nan, Nkrumah na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu a Belgrade a 1961, duk da cewa shi ɗin ya karkata Gabas daga baya kuma an kifar da shi ranar 24 ga Fabrairun 1966 yana kan hanyar Hanoi. Tsayuwa a tsakiya tana da wuya, manya ba sa son ta.

Yanzu abinda ya fi damuna, wanda ba a cika gardamarsa a wurin ataya ba saboda ba shi da daɗin ji. Kodebuwa an buga ta, Grand-Bassam a 2016, Kafolo a 2020. Togo an kashe mata sojoji takwas a Kpekpakandi a Mayun 2022, wurin da ba shi da nisa da kusurwarmu ta Pusiga. Benin a Afrilun 2025 ta rasa sojoji 54 a rana ɗaya. Ghana ce kaɗai a layin nan ba a kai wa irin wannan hari ba. Me ya sa? Wani ɓangare aikin jami'anmu ne, ba zan rage musu ba. Amma wani ɓangaren shi ne mun fi musu amfani a zaune lafiya. Ƙungiya irin JNIM tana buƙatar fetur, babura, taki, nakiyar fasa dutse wadda galamse, wato haƙar zinare ba izini, ta sa ta yi yawa a hannun mutane, magani, da kasuwar da za ta sayar da shanun da aka sace. A Oktoban 2024 Reuters ta ba da rahoton cewa mayaƙa na amfani da arewacin Ghana wajen samun kaya da jinya, gwamnati ta musanta cewa akwai wata fahimta tsakaninta da su, kuma ni ma ban yarda akwai yarjejeniya ba, amma ba sai an yi yarjejeniya ba, mutum ba ya ƙona kasuwar da yake cefane. Wannan zaman lafiya ne na aro, ranar da lissafinsu ya canja zai canja.

Kuma ƙofar da za su fi so ita ce Bawku. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya girmi 'yancin kan ƙasar nan, ba ruwansa da jihadi ko kaɗan, amma ya tara duk abinda suke nema: bindigogi a hannun samari, dokar hana fita, mutanen da suka daina yarda da soja da ɗan sanda, ga boda biyu a kusa. Haka suka shiga tsakiyar Mali ta rigimar makiyaya da manoma, haka suka shiga gabashin Burkina ta fushin mutanen da aka hana su daji da wurin haƙar zinare. Ba sa ƙirƙirar rigima, wadda suka tarar suke hawa. Don haka zaman sulhun Bawku da Otumfuo, sarkin Asante, ya jagoranta a fadarsa ta Manhyia a 2025, nan kusa da ku, a wurina ya fi jirgi mara matuƙi goma muhimmanci ga tsaron ƙasar nan, ko na Amurka ne ko na Turkiyya.

Sai kuma mu kanmu. Duk lokacin da tsoro ya shigo ƙasa, wanda ake fara kallo shi ne mai rawani, mai gemu, Bafulatani, ɗan Zango. Iyayenmu ba su manta 1969 ba, dokar Busia da ta ba baƙi sati biyu su fita, aka kwashi mutanen da aka haifa a Kumasi aka zuba a lori. A Yulin 2023 an tattara ɗaruruwan masu neman mafaka daga Burkina, yawancinsu Fulani mata da yara, aka mayar da su, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi magana. Wannan ba rashin tausayi kaɗai bane, rashin dabara ne. Makiyayin da ke dajin Sissala ko Gushegu shi ne farkon wanda zai ga baƙin babura, in ya san ranar da ya kai rahoto shi za a fara ɗaurewa a ƙwace masa shanu, zai yi shiru, in aka matsa masa ma wataƙila ya saurari wancan. Burkina ta ba 'yan sa-kai na VDP bindiga daga 2020, aka yi ta kashe Fulani da sunan ramuwa, JNIM ta samu mayaƙa kyauta. Shirin nan na ka ga abu ka faɗa da aka fara a 2022, mai lamba 999, yana aiki ne kawai in mai kiran ya yarda da mai ɗauka. Abinda muke da shi wanda babu mai sayar mana shi ne irin zaman da ya sa Shehu Sharubutu, babban limamin ƙasa, ya shiga cocin Christ the King a Ista ta 2019 aka tarbe shi, da sarakunan Zango da limamai da suka san wa ya sauka a unguwa.

Saura abu ɗaya da zan ce ku sa wa ido. Tun kafin Amurka ta gama barin Agadas take neman inda jiragenta na leƙen asiri za su riƙa tashi, tun Janairun 2024 jaridar Wall Street Journal ta ambaci Ghana da Kodebuwa da Benin a cikin inda ake tattaunawa. In wannan magana ta taso da gaske, a nan ne gardamarku za ta yi amfani, don jirgin da ke tashi daga arewacin Ghana yana leƙa Burkina zai ɓata mu da Wagadugu kuma zai ba JNIM dalilin da ba ta da shi yanzu. Tambayoyin da za ku yi su ne wa ke riƙe da bayanan da jirgin ya tara, ana ba sojanmu ko a'a, yana ɗauke da makami ko kyamara ce kawai, shekara nawa, kuma an kai majalisa kamar yadda sashe na 75 na kundin tsarin mulki ya ce ko an sa hannu a ɓoye. Ɗan majalisarku na Asawase, Muntaka Mubarak, shi Mahama ya ba ma'aikatar cikin gida a 2025, imigireshan da 'yan sanda duk a ƙarƙashinta suke, don haka ku 'yan Aboabo ba ku da nisa da wanda za ku tambaya.